Yadda Za Ki Killace Gwala-gwalai da Sauran Kayan Adonki a Gida

Ranar ɗaurin auren ƙanwata, wajen ƙarfe tara na safe, 'yan'uwa suna tsakar gidanmu na Tudun Wada a Gusau suna jirana mu wuce, ni kuwa ina bakin gado da gwangwanin biskit a cinya, ina kokawa da sarƙoƙi uku da suka cukurkuɗe suka koma dunƙule guda. Gumi har ya fara wanke hodar da na shafa. Da haushi ya ɗebe ni na fizga, sai ga siririyar sarƙar da aka sako mini a lefe ta rabu biyu. Inna ta leƙo, ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi a' haka? Dukiya guda kin zuba wuri ɗai kamar wake da shinkafa." Ba ta ƙara ba ta juya. A safiyar ce kuma na gano ɗan kunnen gwal ɗina guda ba ya cikin gwangwanin, ɗan'uwansa kaɗai ya rage.

Mukan ji tsoron ɓarawo, kuma da gaskiyarmu. Amma in kika zauna kika lissafa asarar da kika yi a kayan ado tun aurenki, za ki tarar mafi yawanta daga cikin ɗakinki ta fito: an haɗa komai a mazubi ɗaya, wannan ya karce wancan, wancan ya tsinka wannan, ke kanki ba ki san adadin abin da kika mallaka ba. Ga yadda na gyara nawa, kuma duk aikin bai wuce na yini guda ba.

Fara da zazzage komai

Ki zaɓi ranar da yara suke makaranta, da hantsi, lokacin da haske ya wadata. Ki turo ƙofa, ki shimfiɗa farin zani ko tawul a kan gado. Kada ki yi a ƙasa, don ɗan makullin bayan ɗan kunne in ya gangara ƙarƙashin sif, sai dai tsintsiya ta kai shi bola. Sai ki bi ko'ina ki kwaso: aljihun jakunkunan biki, cikin kit, kan madubi, ƙarƙashin filo, tagar banɗaki, kumbon da ke saman jere, har jakar da kika je Umara ko asibiti da ita. Ki laluba shafin cikin kowace jaka, domin in ya ɓule ƙananan abubuwa can suke maƙalewa.

Sarƙar da ta cukurkuɗe kada ki ja ta. Ki ɗora ta a faranti, ki barbaɗa mata 'yar hodar jarirai ko ki ɗiga man zaitun a kan ƙullin, ki sa allura biyu ki riƙa buɗa shi a hankali daga tsakiya. Minti biyar na haƙuri ya fi kuɗin maƙeri sauƙi.

Ki raba su bisa abin da aka ƙera su da shi

Nan yawancinmu muke kuskure. Mukan tara sarƙoƙi waje ɗaya, 'yan kunne waje ɗaya, awarwaro waje ɗaya. A ido ya yi kyau, amma abin da ke lalata kaya shi ne haɗa ƙarfe mai taushi da mai tauri, da haɗa mai tsatsa da marar tsatsa. Don haka kashi huɗu za ki yi: zinare na gaske, azurfa, kayan yayi masu ruwan gwal a sama, sai kuma duwatsu, wato murjani da tsakiya da jigida da lu'ulu'u.

Ki juya kowane gwal ki duba kusa da ƙugiyarsa ko cikin zoben, akwai 'yar lamba da ake bugawa. In idonki bai gani ba, ki ɗauke ta da kyamarar waya ki zuƙo. Lamba 750 na nufin karat 18, wato kashi 75 cikin ɗari zinare ne. Lamba 875 ita ce karat 21, irin wanda alhazai suka fi kawowa daga Saudiyya. Lamba 916 karat 22 ce, 999 kuwa karat 24, tsantsarsa ke nan. Azurfa mai kyau za ki ga 925. Abin lura, gwargwadon yawan karat gwargwadon taushin zinaren, shi ya sa awarwaro mai karat 22 ya fi saurin lanƙwashewa da lotsewa a kan mai 18, kuma shi ya fi buƙatar a keɓe shi.

Lamba dai ba rantsuwa ba ce, ana buga ta a jikin jabu. Akwai masu gwadawa da maganaɗisu. Gaskiya ne zinare da azurfa ba sa bin maganaɗisu, don haka duk abin da ya manne ba na gaske ba ne, sai fa ƙugiyar sarƙa, wadda wani lokaci akwai ɗan ƙarfe a cikinta. Amma tagulla ma ba ta binsa, saboda haka rashin mannewa bai tabbatar da komai ba. Duk wanda kike kokwanto, ki ware shi ki kai wa maƙerin zinaren da kika yarda da shi a kasuwa. Zai goga shi a dutsen gwaji ya ɗiga ruwan asid a kan zanen, nan take a san gaskiya. Ki tsaya a gabansa har a gama, kuma tunda kin je, ki sa ya ɗora kowanne a sikeli ya faɗa miki giram ɗinsa. Wata 'yar'uwata shekara da shekaru tana ɓoyon wani saiti tana lissafa shi a matsayin jarinta, ranar da ta buƙaci kuɗin asibiti aka gwada aka ce ruwa ne kawai a sama. Gara ki sani yau da kwanciyar hankali.

Rubutu

Wannan shi ne matakin da aka fi rainawa, kuma shi ya fi kowanne amfani. Ki sayi ƙaramin littafi mai kauri. Kowane gwal ki ba shi layinsa: mene ne, karat nawa, giram nawa, yaushe ya shigo hannunki, daga ina, kuma na wa ne. Wannan na ƙarshen kada ki tsallake shi. A ɗakin mace ɗaya za ki sami nata na lefe, da 'yan kunnen da aka sai wa 'yarta ranar suna, da sarƙar mahaifiyarta da ba a raba gado ba tukuna, da ajiyar wata ƙawa da ta ba ta amana. Ita ta san kowanne. To in ta faɗi yau fa? Na ga zumuncin da ya lalace a wurin rabon gado a kan awarwaro huɗu, wannan na cewa na marigayiya ne, waccan na cewa ajiyarta ce, babu takarda babu shaida.

Sai ki ɗauki hoton kowanne a kan farin zanin nan, da hoton lambarsa. Rasit ma ki ɗauki hotonsa, domin irin takardar nan mai santsi da inji ke bugawa rubutunta gogewa yake yi, balle a zafin Gusau. Hotunan kada su tsaya a waya kaɗai, ki tura su imel ɗinki. Littafin kuma kada ya kwana wuri ɗaya da gwal ɗin.

A bayan littafin ki ware shafin aro. Ba za ki hana ƙanwarki ko ƙanwar maigida sarƙar fita biki ba, mu ba haka muka taso ba. Amma ki rubuta ranar da ta karɓa da abin da ta karɓa, ki ƙirga a gabanta cikin raha: "Ga sarƙa, ga 'yan kunne biyu, ga zobe, huɗu ke nan." In ta dawo da su ki sake ƙirgawa kafin ta tashi. Wanda kika san zuciyarki ba za ta ɗauki ɓatansa ba, kada ma a san kina da shi.

Wanki da gyara kafin ajiya

Ba a ajiye kayan ado da gumi da mai a jikinsu. Zinare wankinsa ba wuya: ruwan ɗumi, ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke, ki jiƙa kamar minti goma, ki goga da buroshin haƙori mai laushi irin na yara, ki ɗauraye a cikin kwano, ki tsane da ƙyallen auduga. A cikin kwano na ce, ba a bakin famfo ko rariya ba. Ki bar shi ya sha iska ya bushe sarai. Toka da man goge baki da wasu ke amfani da su suna sa ƙyalli na ɗan lokaci, amma kankare fuskar ƙarfen suke yi. Ruwan bilic irin su Hypo da Jik kuwa yana cin ƙarafan da aka gauraya a cikin zinaren, har ki ga mahaɗin sarƙa ya karye ba dalili. Ki cire zobe kafin wanki.

Azurfar da ta yi baƙi, ki shimfiɗa takardar alminiyom ta naɗe gasasshen nama a cikin kwano, ki ɗora azurfar yadda za ta taɓa takardar, ki zuba cokali ɗaya na bekin soda, ki kwarara ruwan zafi. Za ki ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin ne yake barin azurfar yana komawa jikin takardar. Kada ki yi wa mai dutse a jiki haka. Kada kuma ki yi wa irin azurfar Agadas da Buzaye ke kawowa, wadda aka bar baƙi a cikin zanenta da gangan, don za ki wanke mata adon ne gaba ɗaya.

Masu ruwan gwal ba sa son ruwa ko kaɗan. Busasshen ƙyalle mai laushi ya ishe su. Murjani da lu'ulu'u kuma ƙyalle mai ɗan danshi kawai, kada lemon tsami ko wani abu mai tsami ya kusance su, cinye su yake yi su dushe, kuma ba sa dawowa.

Duk abin da ya karye ko ƙugiyarsa ta saki, ki ware shi a leda guda ki rubuta "gyara". Murjanin kaka ki ja zarensa a hankali ki gani. In ya yi baƙi ko ya fara gashi, a sake shi tun bai watse a tsakiyar taro ba.

Kowanne da mazauninsa

Ba sai kin sayi akwatin nan mai madubi da ɗakuna-ɗakuna ba. In kina da hali madalla, in babu, kayan da ke gidanki sun wadatar. Ƙa'idar guda ce: kada biyu su taɓa juna.

Ki je kemis ki sayi 'yan ledojin nan na zuba magani masu zif. Kowace sarƙa da ledarta. Ga dabarar da ta raba ni da cukurkuɗewa: in kin saka sarƙar, ki bar ƙugiyarta a waje ki ja zif ɗin ya kama ta. Muddin bakin sarƙa bai sami damar yawo ba, ba za ta ƙulle ba. Siririya sosai kuma ki zura ta a cikin tsinken shan lemo ki maƙala ƙugiyar. Mai faɗin nan da ba ta lanƙwasuwa a kwance take so, a miƙe ko a zagaye mai faɗi, domin in ta karye a tsakiya ko an gyara tabon ba ya ɓacewa.

'Yan kunne ki nemo manyan maɓallan riga, ki soka biyun a hudojin maɓalli ɗaya ki mayar da makullansu, ba mai rabuwa da ɗan'uwansa. Masu lilo kuma a soka su a ɗan kwali. Zobba suna zama daidai a robar nan ta jera maganin mako mai ɗakuna bakwai, ko ta yin ƙanƙara, in kin shimfiɗa auduga a kowane rami. Awarwaro ki naɗe ƙaramin tawul ki zura su, ki raba tsakaninsu da ƙyalle, kada a danne su da wani abu mai nauyi. Saiti kuwa, sarƙa da 'yan kunne da zobe da abin hannu, kowanne da ledarsa, sannan ki haɗa su a babbar leda ɗaya ki rubuta sunansa a kai. Mai dutsen daimon shi kaɗai zai zauna, domin babu abin da ya fi shi tauri, duk abin da ya goga sai ya karce shi.

Azurfa iska ce abokiyar gabarta, don haka ki matse iskar ledar kafin ki rufe. Kada ki ɗaure ta da robar ɗaure kuɗi, akwai sinadarin farar wuta a jikin roba, shi ne yake baƙanta ta, har ki ga shatin robar ya fito. Murjani da lu'ulu'u su kuma ba sa son leda, 'yar jakar yadi mai laushi za ki ɗinka musu. Jigida ki shanya ta a inuwa ta bushe kafin ki ajiye, a rataye ko a naɗe ita kaɗai.

Wane lungu a ɗakin

Yanayinmu biyu ne, kowanne da ɓarnarsa. Da damina, musamman watan Agusta, danshi kan shiga ko'ina, kayan yayi su yi kore, azurfa ta yi baƙi. Ki daina zubar da 'yan ƙunshin nan na silika da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko jaka, ki jefa biyu-uku a kowane mazubi. In babu, guntun allin makaranta yana taimakawa. Ki sake su duk shekara, kuma ki kiyaye kada yaro ya kai su baki. Mazubin kada ya zauna a ƙasa ko jikin bangon da ke tsatsafo da ruwa.

Da hunturu kuma ƙura ce. Ƙurar nan rairayi ne a cikinta, kuma rairayi ya fi zinare da azurfa tauri nesa ba kusa ba. In kika bar sarƙa a kan madubi ta kwashi ƙura, sannan kika murje ta da bakin zani, kin goge ta da yashi ke nan. Komai ya zauna a rufe.

Sai turare. Mu da humra da turaren wuta ba a raba mu, amma kayan ado ba sa shiri da su. Ki gama shafa mai da humra, ki gama turara jiki da kaya, sannan ki sa sarƙa. In kin dawo kuma ita za ki fara cirewa. Kada mazubin ya zauna a durowar da kwalaben turare suke, ko kusa da inda kike ajiye kasko.

Akwai wani abu da ya fi shafarmu mu 'yan Zamfara. Zaiba, wadda masu haƙar zinare ke amfani da ita wajen tattara shi, in ta taɓa gwal ɗinki sai ya yi fari-fari ya yi gautsi. Wasu mayukan bilicin ma akwai ta a ciki, shi ya sa za ki ji mace na cewa an cuce ta an sayar mata da jabu, alhali man da take shafawa ne ya ci zoben. In wani naki yana harkar ma'adinai ya kawo ɗanyen zinare ajiya, kada ya haɗu da naki. Dutsen da ba a sarrafa ba ko garinsa kuwa kada ma ya shigo gidan da yara suke. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga irin wannan dutse da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Na kullum daban, na ɓoyo daban

Ki ware abin da kike sawa yau da gobe, 'yan kunne biyu-uku, zobe, sarƙa ɗaya, ki ba su ƙaramin mazubi mai murfi a durowar madubi. Duk dare nan za su kwana, ba ƙarƙashin filo ba, ba bakin taga ba. Amfanin haka shi ne ba kya buɗe babbar ajiya kullum a gaban duk wanda ya shigo.

Ita babbar ajiyar, halin da ake ciki a jihar nan ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ƙarƙashin katifa, saman sif, cikin akwatin lefe, tsakanin zannuwa, nan ne wuraren da mai nema yake fara dubawa. Ba zan lissafa inda ya kamata ki ɓoye ba, don abin da aka rubuta kowa ya karanta ya daina zama maɓoya. Abin da zan ce, ki raba ta gida biyu ko uku, kada tsautsayi ɗaya ya kwashe duka. Ki sa a ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli, saboda ko gobara aka yi, Allah ya kiyaye, zinare ba ya zama toka. Tsantsarsa sai zafi ya kai digiri 1,064 yake narkewa, in yana cikin ƙarfe wuri ɗaya za a same shi. Ki rage ɗora hotonsa a sitatus, ki rage ba da labarin giram nawa ne a gidan biki. Da ɗan gari akan ci gari.

Wannan kuma kariya ce ga mutanen gidanki. In abu yana kulle kuma a ƙirge, ba za ki wayi gari kina zargin yarinyar da ke taya ki aiki ko ɗan kishiya a kan abin da wataƙila yana cikin shafin jakarki ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Sai dai ɓoyo ma yana da iyaka. Wata gwaggona ta ƙulle 'yan kunnenta da zobba biyu a bakin wani tsohon zani ta cusa cikin ƙullin tsummokara, ba ta gaya wa kowa ba. Tana kwance a asibiti 'ya'yanta suka yi mata gyaran ɗaki, suka bayar da ƙullin sadaka. Har yau in aka tuna mata sai ta ce, "Wanda ya samu rabonai ne," amma muryarta ba ta kai zuci ba. Kada ki ɓoye a cikin abin da za a iya zubarwa, ko a kyautar, ko a kai niƙa. Kuma lallai mutum ɗaya da kika amince da shi, maigida ko mahaifiya ko babbar 'yarki, ya san wurin.

Dubawa sau biyu a shekara

Ni nakan fito da nawa kafin saukar damina, sannan kuma kafin azumi. In ɗauko littafi in bi layi-layi, in sake silika, in duba ƙugiyoyi da zare, in tuna wa wadda ta yi aro ta manta.

Na kafin azumin yana da wani amfani. Tunda giram ɗin kowanne yana rubuce, lissafin zakka ba ya ba da wahala. Nisabin zinare misƙali 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, kuma ɗaya bisa arba'in ake fitarwa in shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, abin da mace take ado da shi ba a fitar masa da zakka, amma wanda aka saya aka ajiye don jari ko don maganin wata rana hukuncinsa daban. Wasu malaman kuma suna ganin a fitar wa duka. Ki ɗauki littafinki ki sa a tambayar miki malamin da kika natsu da shi, ki faɗa masa wanne kike sawa, wanne kika ajiye.

A ƙarshen mazubin ki tanadi leda ɗaya ta marayu, wato 'yan kunnen da suka rasa 'yan'uwansu. Kada ki yi gaggawar kai su a narka. Nawa na ranar bikin nan wata bakwai na riƙe shi, da na fid da rai na kai aka haɗa da karyayyar sarƙar aka yi wa 'yata ɗan zobe. Bayan sati uku ina zazzage jakar da na je suna da ita a Kaura Namoda, na ji wani abu yana motsi a cikin shafinta. Na farke ɗinkin, sai ga shi ya faɗo a tafin hannuna, da makullinsa a jiki. Yanzu shi ne yake zaune a ledar marayun, shi kaɗai.